Gemu da Tsirkiya: Yadda Jita Ta Sami Wurin Zama a Ƙasar Arewa

Ranar da na shigo gida da jita rataye a kafaɗa, shekarata arba'in da shida a duniya, kuma na fi shekara ashirin ina riƙe da alli a gaban allo. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu tun bayan rasuwar mahaifinmu, ya dubi abin da na ɗauko, ya dube ni, sa'an nan ya ce: "Malam, cikin kakanninmu wa ya yi roƙo?" Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma ban amsa ba, domin ƙane ba ya musu da wa a tsakar gida. Amma tambayar ta zauna mini a rai, kuma da na yi ta juya ta sai na gane cewa ba daga bakin mutum ɗaya ta fito ba. Tambaya ce mai tushe, kuma duk wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa dattijo a Dogon Dutsi zai iya tsayuwa har tsakar dare yana kallon makaɗa, ya yi musu liƙi, amma ya ji kunyar a gan shi riƙe da abin kiɗa, to sai ya koma baya ya bi sawunta.

Ya kamata mai karatu na Kano ko na Zariya ya san Arewar da nake nufi. Ƙasar Arawa ce da ke cikin jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, wadda ta bi kwarin Dallol Mauri tun daga Bagaji da Lugu da Matankari, ta ratsa Dogon Dutsi, ta gangara kudu zuwa Tibiri ta Samna, wadda aka mayar gunduma mai zaman kanta a 2011. Masu riƙon tarihin baka suna cewa Gubawa ne suka fara zama a kwarin, su ke da ƙasa da tsafinta, Sarauniya a Lugu, Baura a Bagaji. Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya bi ta nan, ya haifi Akazama da ɗiyar ƙasar, daga Akazama kuma sarautar Arewa ta samo asali. Bafaranshen nan Marc-Henri Piault ya tattara waɗannan ruwayoyi a littafinsa na tarihin Mauri da ya fito a 1970. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, ƙasa ce da tun asali aka raba wa kowa aikinsa: wannan shi ke da mulki, wancan shi ke da ƙasa, wannan ƙira, wancan fawa. Kiɗa ma haka aka raba shi.

Kowace sana'a da gangarta

A ƙasar Hausa ta da, ba a yin kiɗa don kiɗa kawai. Kowane abin kiɗa yana da ubangida. Tambari da kakaki da algaita na sarki ne, talaka ko ya mallaki dukiyar duniya ba a busa masa kakaki. Kalangu na mahauta ne, ko da yake ƴan mata sun ja shi zuwa dandali. Dundufa ta maƙera ce. Maharba suna da garayarsu, manoma suna da gangar noma da ke tsayuwa a bakin kunya tana zuga samari ranar gayya, ƴan kokowa suna da makaɗansu. Wanda ya ji sauti daga nesa da dare ya san wace ƙofa ake biki, ya san kuma ko ya shafe shi.

Masu riƙe da waɗannan kayan kiɗa kuwa, mafi yawansu gado suka yi. Yaro yana tashi ya ga ubansa yana ɗaure ganga, ya fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya kama ƙaramin abin kiɗa, kafin gemu ya fito masa ya san take da kirarin kowane gida a garin. Hausawa sun bambanta ɗan gado da ɗan haye, wato wanda ya faɗa cikin sana'ar da ba ta gidansu ba. Ɗan haye a ƙira ko a saƙa abin a yi masa dariya ne na ɗan lokaci. Ɗan haye a roƙo kuwa abin a tara dangi ne, domin matsayin maroƙi a cikin al'umma matsayi ne mai harshen damo. Babu suna, babu aure, babu naɗin sarauta da zai cika ba tare da shi ba. Sarki na tsoron bakinsa, attajiri na neman yabonsa. Duk da haka a gidaje da yawa ba a ba shi ɗiya, kuma abincinsa daga hannun wani yake fitowa. Wannan shi ne abin da yayana ya gani a kafaɗata. Bai ga katako da waya shida ba, hannu ya gani a miƙe yana jiran kyauta.

A Arewa akwai wani nauyi na biyu da ya hau kan tsirkiya musamman, wanda bai hau kan ganga ba. Shi ne nauyin goge.

Goge abu ne mai sauƙin bayani: rabin ƙoƙo, a rufe shi da fatar guza, a soke masa sanda, a ɗaura tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki, a goga ta da wani ɗan baka mai irin wannan gashi bayan an shafa masa ƙaro. Amma a Dallol Mauri goge bai taɓa zama abin wasa ba, ko da yake taron da ake kiɗa shi a ciki "wasa" ake kiransa. Shi ne harshen da ake kiran iskoki da shi. Mai goge yana zaune, ƴan ƙwarya na gefensa suna dukan ƙoren da aka kife, kowace iska da takenta, kowace Doguwa da abin da take so ta ji. In mai goge ya ja taken da ya dace a lokacin da ya dace, sai a ga doki ko goɗiya ta fara rawar jiki, iska ta hau. In ya kuskure, an kwana a banza. Saboda haka gwanin goge ba gwanin yatsa kawai ba ne. Ma'aji ne na ɗimbin take, ya san dangantakar iskoki, wace ce uwar wace, wa ke gaba da wa, wa ba a kira a bayan wa. Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi a 1988 kuma ta fitar da littafi a kan borin garin a 2001, ta nuna yadda wannan al'ada ta yi ta ja da baya a gaban yaɗuwar Musulunci ba tare da ta mutu ba.

Akwai wani abu a tarihin goge da nake so malamai su lura da shi, domin yana rushe zaton cewa kiɗan gargajiya rufaffen ɗaki ne. A 1925, a ƙasar Kurfai da ke maƙwabtaka da mu ta yamma, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu sababbin iskoki masu kwaikwayon sojoji da kwamandojin Faransa. Turawan mulki suka kama mabiyanta, suka tsare su a Yamai, amma abin ya bazu. Zabarmawa suka kira su Hauka, a Arewa aka san su da Babule. Waɗannan baƙin iskoki, masu fareti da sara wa juna, su ma sai da masu goge suka ƙaga musu take. Ke nan tsirkiyar doki ta karɓi kwamanda shekaru da dama kafin jita ta iso. Ƙasar da ta tari ayarin Voulet da Chanoine da kibau a Lugu cikin watan Afrilu na 1899 ita ce kuma ta san yadda ake shigar da baƙo cikin kiɗa a ba shi mazauni.

Sai dai wannan alaƙa da bori ita ta sa, da Musulunci ya game ƙasar a ƙarni na 20, goge ya zama abin da malami ke kauda kai in ya ji. A birane kuma goge ya sami wani gida na biyu, wato gidajen mata masu zaman kansu da wuraren shan giya, wanda bai ƙara masa daraja a idon dattawa ba. Molo da gurmi da garaya duk sun ɗan shafi wannan toka. Duk abin da ke da tsirkiya ya zama abin zargi.

Baƙuwar da ba ta da dangi

Jita ba ta hanyar hamada ta fara shigo mana ba, ta bakin teku ta zo. Matuƙan jirgin ruwa ƴan ƙabilar Kru na Laberiya sun yawata da ita tashoshin gaɓar Afirka ta Yamma, ta zauna a Saliyo da Gana da Ikko. Daga shekarun 1930 faya-fayan garmaho na kiɗan Kuba suka cika kasuwannin Afirka, mutanen Kongo suka ji su, suka mayar da su nasu. Franco ya kafa OK Jazz a 1956. A Gini ta Seku Ture gwamnati ta ɗauki nauyin ƙungiyoyin makaɗa irin su Bembeya Jazz, a Bamako aka kafa Rail Band a 1970. Duk wannan ya iso Nijar ta akwatin rediyo, ta hannun ƴan ci-rani da ke dawowa daga Kumasi da Abijan, da tsofaffin sojoji, da ƴan makarantar da aka tura karatu wasu ƙasashe.

Abin da ya bambanta jita da duk kayan kiɗan da muka sani shi ne ba ta da ubangida. Ba ta sarki ba ce, ba ta mahauta ba ce, babu iskar da ke amsa kiranta, babu gidan da zai ce gadonsa ce. Waɗanda suka fara ɗaukarta a garuruwanmu ƴan boko ne: ɗaliban kwaleji, ƙananan ma'aikata, malaman makaranta da yara ke kira "mushe". Ɗan sarki zai iya riƙe ta bai zama maroƙi ba, domin a ganinsa shi "artis" ne, kalmar da muka aro daga Faransanci daidai lokacin da muke bukatar sunan da ba maroƙi ba. Ta wannan ƙofa mutanen da al'ada ta hana su kiɗa suka shiga kiɗa.

Misalin da ya fi kowane fitowa fili daga Mali yake. Ali Farka Ture, wanda aka haifa a 1939, ba ɗan gidan roƙo ba ne, kuma danginsa ba su so ya yi kiɗa ba. Ya fara da ƙananan kayan tsirkiya ɗaya na ƙasarsu, ɗaya ana kaɗawa da yatsa, ɗaya ana gogawa kamar gogenmu, kuma su ma kayan kiran iskoki ne a bakin Kwara. A 1956 ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita, daga nan ya ɗauki abin da ya sani a tsirkiya ɗaya ya zuba shi a kan shida. Da Turawa suka ji shi sai suka ce kiɗan baƙaƙen Amurka yake yi, shi kuwa ya sha nanata cewa tushen yana wurinsa. Ya rasu a 2006 yana magajin garin Niafunke. Na kawo shi ne domin hanyar da ya bi, daga goge zuwa jita, ita ce hanyar da ta fi dacewa da kunnen Ba'are.

A Nijar, zamanin Janar Seini Kunce, daga 1974 zuwa 1987, shi ya ba kiɗan dandamali gindin zama, ko da yake da igiya a wuya. Gwamnatin soja ta farfaɗo da samariya, ta mayar da ita hannunta na dama a kowane gari da unguwa, aka kuma riƙa yin bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Waƙoƙin na gina ƙasa ne: a dasa itace, a yi noman rani, a haɗa kai. Wanda ya rayu a lokacin ya san ba a faɗin abin da aka ga dama. Amma a nan ne ɗiyan talakawa da ɗiyan sarakuna suka tsaya sahu ɗaya suna waƙa a gaban iyayensu ba tare da an ce sun yi roƙo ba, tun da hukuma ce ta ce a yi. Ina ƙaramin yaro na ga yadda ake share fili, a kafa fitilu, a yi ta gwaji har dare, kuma na tabbata da yawa daga cikin dattawan da ke ɗaure fuska yau in sun ji jita, da su aka yi waccan rawa.

Daga shekarun 1980 gasar Dan Gurmu, wadda aka sa wa sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa, ta zama fagen da makaɗan zamani na jihohi ke gwada ƙwanjinsu. Bayan rasuwar Kunce aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya. Kowane babban gari ya so a ce yana da ƙungiyarsa mai jita da ganguna na Turawa. Tawa tana da Azna, wadda jagoranta Mona ya kamu da son salon Jimi Hendrix tun shekarun 1970. Ta Dogon Dutsi kuwa Akazama aka sa mata. A duba wannan suna da kyau. Samari masu kayan kiɗan da aka ƙera a Turai da Japan, da suka tashi neman suna, sai suka ɗauko na kakan sarakunan Arewa, kamar yadda na Tawa suka ɗauko sunan masu addinin gargajiya. A Maraɗi kuma Sa'adu Bori ya hau dandamali da take-taken bori a kan jitar lantarki, faifan da ya yi tare da Musa Pusi a 1994 ya kai har Turai. Baƙuwar da ta zo ba dangi, cikin shekara talatin ta yi wa kanta dangi.

Wanda bai taɓa tsayuwa a gaban makaɗa suna kiɗa ba, sai dai ya ji a waya, da wuya ya gane abin da muke kewa. A filin gidan matasa, injin wuta na ruri a bayan katanga, lasifika na ƙara kamar za ta tsage, waya ta tsinke a tsakiyar waƙa a tsaya a ɗaura wata, babu mai tafiya. Mai jita yana kallon ƙafafun masu rawa, in ya ga sun yi sanyi ya ƙara wuta, in ya hangi wani babba ya shigo ya karkata kiɗan zuwa takensa. Mace ta taso da kuɗi ta liƙa masa a goshi, mawaƙi ya kama sunan gidansu. A nan fa "artis" ya koma maroƙi ba tare da ya sani ba, kuma ni ban ga aibin hakan ba. Kiɗan Hausa zance ne tsakanin mai yi da wanda ake yi wa. Kaset, da ƙaramin katin waya da ya gaje shi, sun adana sautin amma sun yanke zancen.

Abubuwa biyu suka rage wannan fage. Na farko wa'azi. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta ƙetaro iyaka, zuwa shekarun 1990 muhawararta ta kai kowane masallaci a Dogon Dutsi, kuma bikin aure mai kiɗa na cikin abubuwan da aka fi sa wa ido, saboda cakuɗar maza da mata da kuma ɓarnar dukiya. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa tsoho ne ƙwarai, ya girmi Izala da ƙarnuka, kuma ba ni da ilimin da zan yanke hukunci a kai. Na biyu kuwa tattalin arziki ne, kuma a ganina shi ya fi yin ɓarna a ɓoye. Mai biki ya gane cewa yaro ɗaya da kwamfuta da manyan lasifika biyu ya fi makaɗa takwas araha. Waƙoƙin fina-finan Kano, waɗanda ake haɗa kiɗansu da fiyano a ɗakin ɗaukar sauti, suka mamaye bukukuwa. Matasan da ke zaman fada suna dafa shayi sun fi kowane zamani sauraron kiɗa, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin an yi shi da hannu.

A arewacin ƙasar labarin ya sha bamban. A wurin Buzaye jita ta zama muryar tawaye a shekarun 1990, har riƙe kaset ɗin Abdallah Umbadugu ya zama abin da ke jawo wa mutum fitina. Daga wannan tushe Bombino da Mdou Moctar suka fito suka zagaya duniya. Shi Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, domin gidansu na masu riƙon addini ne, ba a yarda da kiɗa ba. A Yamai kuma jagoran Tal National, wanda aka fi sani da Almeida, alƙali ne a kotu lokacin da faifansu Kaani ya fito a 2013: da rana shari'a, da dare jita.

Icce da ɗanyensa, da kuma gemu

Duk waɗanda na ambata da ƙuruciya suka fara. Saura tambayar shekaru, wadda ita ce rabi na biyu na abin da ke cikin idon yayana. Hausawa na da karin magana biyu da ke jan juna a nan. Ɗaya ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗaya ta ce gemu ba ya hana ilimi. Amma in aka bincika, ta biyun ilimin littafi ake nufi da ita. Dattijo mai furfura zai durƙusa gaban malami da Ahalari a hannu, kowa ya yaba masa. Wannan dattijo in ya durƙusa gaban yaro yana koyon inda zai sa yatsa a wuyan jita, sai a ce girma ya faɗi. A al'adarmu shekara arba'in lokacin barin kiɗa ne, lokacin da makaɗi kansa ke tunanin zuwa Makka ya dawo ya rage.

Mutumin da ya fi kowa karya wannan ƙa'ida a Nijar malamin makaranta ne kamar mu, wato Malam Maman Barka. Batube ne daga Taskar, ba ɗan gidan roƙo ba. Ya yi shekaru yana koyarwa, ya yi suna da gurmi da waƙoƙin Hausa har a Nijeriya. A 2002, ya riga ya haura arba'in, sunansa ya riga ya kai inda zai zauna ya ci gajiyarsa, sai ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Cadi wurin wani tsoho mai suna Bukar Tar. Wannan tsoho shi ne gwani na ƙarshe da aka sani na biram, wani abin kiɗa na masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, wanda matasan ƙabilar suka daina koyo. Maman Barka ya zauna a gabansa zaman ɗalibi, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa cikin harshen da ba nasa ba, tsohon ya damƙa masa biram ɗinsa. Bayan rasuwar Bukar Tar, wannan ɗan haye shi ya rage a duniya da ilimin. Ya kai biram bikin WOMAD a Ingila a 2008, faifansa ya fito a 2009, ya koyar da shi a cibiyar Taya, ya rasu a watan Nuwamba na 2018. Da ya ce girma ya hana shi durƙusawa, da biram ya bi tsohon zuwa kabari. Gado ya ƙare a gidan masu shi, haye ya cece shi, kuma hayen na mai gemu ne.

Ni ba Maman Barka ba ne, kuma babu abin da na ceto. Amma na san abin da hannun mai shekara arba'in da shida ke gani. Makonnin farko kan yatsu huɗu na hagu zafi suke kamar an taɓa garwashi, sai sun yi kanta ake samun sauƙi. Ɗan ƙaramin yatsa, wanda bai taɓa yin wani aiki ba tun da aka haife ni, ya ƙi jin magana wata da watanni. Malamina tsohon ɗalibina ne, wanda na koya wa haɗa baƙi yana shekara bakwai. Yana ce mini "Mushe", ni kuma ina ce masa "Malam", kowa ya ƙi sakin nasa. Shi ya koya mini sunayen wayoyin shida kamar yadda ake faɗinsu a ƙasashen Faransanci, mi, la, re, sol, si, mi. Yanayin ƙasarmu ma ba ya tausayin jita. Hunturu na busar da katakon har ya tsage ko wuyan ya karkace, zafin bazara na sassauta wayoyi, in ɗaya ta tsinke kuwa sai an yi saƙo Yamai ko Sakkwato.

Abin da babba ya fi yaro da shi kunne ne. Shekara arba'in ina jin take-taken ƙasar nan ba tare da na san na adana su ba. Wuyan jita an gitta masa ƙarafa da suka raba sauti hawa goma sha biyu kafin ya koma inda ya fara, alhali mafi yawan kiɗanmu a kan sautuka biyar yake tafiya. Ranar da na gano inda biyar ɗin nan suke, na bar sauran bakwai suka huta, sai na ji taken gangar noma na ƙuruciyata yana fitowa daga ƙarƙashin yatsuna. Sai dai bai fito cikakke ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma goge, da yake ba shi da ƙarafan nan, yana zamewa tsakanin sauti da sauti kamar yadda murya ke yi, shi ya sa ake cewa yana magana. Mai jita sai ya tura waya gefe da yatsa, ko ya ja yatsan a kanta, kafin ya kusanci wannan.

Wannan gibi ne ya kai ni wurin wani tsohon mai goge a wani ƙauye arewa da Matankari. Ina ba ƙungiyoyin al'adu shawara su yi irin wannan tafiya da na'urar ɗaukar sauti tun masu ita suna da rai, domin abin da ke ajiye a cibiyoyin bincike na Yamai bai kai ko kusa da abin da ke cikin kawunan waɗannan tsofaffi ba. Na gaishe shi, na ce, "Baba, koyo na zo." Ya karɓi jitar, ya juya ta, ya bi wuyanta da babban yatsa yana ƙirga ƙarafan, ya ce, "Ɗana, wa ya yi mata shinge haka?" Ya koya mini taken manoma biyu da na ƴan kokowa ɗaya, yana rerawa da baki ina lalube, in na kuskure ya buga sandarsa a ƙasa. Da na roƙe shi taken wata Doguwa da nake ji tun ina yaro, sai ya girgiza kai, ya ce ba a kiran baƙo in ba a shirya masa masauki ba, kuma bai san ko wayar ƙarfe na kai saƙo ba, ba ya kuma son a gwada a ƙofar gidansa.

Na tambaye shi wa zai gaje shi. Ya ce ƴaƴansa maza uku ne, ɗaya na almajiranci, biyu na tuƙa kabu-kabu a Nijeriya. Gogen yana rataye a bangon ɗaki, fatar ta yi sanyi, babu tsirkiya a jikinsa, domin mai dokin da yake samun gashin wutsiya a wurinsa ya sayar da dokin ya sayi babur.